Siminti a Gurbin Gwiwoyi

Akwai aikin wata Asabar da nake cewa da ma ban yi shi ba, akwai kuma shirun da na yi bayansa, wanda ya fi aikin muni. Na ɓata wani tsohon ɗakin sujada na dutse da hannuna, ina waƙar yabon Allah ina ɓata shi. Da aka zo tambayar wanda ya yi ɓarnar, sai na tsaya ina kallon takalmina, wata tsohuwa da ta amince da ni ta ɗauki laifin a kanta. Yanzu ƙarfina ya ƙare, ba na fita aiki, shi ya sa na zauna zan faɗi abin yadda ya faru.

Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na ɗan taɓa sakandare, daga nan sai aikin hannu. Babana katikis ne, mai koyar da addini a coci, a wani ƙauye a kudancin Katsina, cocinmu kuwa na ƙasa ne, da jinka a kai. Kowace shekara in an gama girbi sai a kira gayya. Maza su kwaɓa ƙasa su yi wa bango sabon yaɓe, mata su sake daɓe, su shafa farar ƙasa ciki da waje. In aka ji Bishop zai zo, ko da ba a daɗe da yi ba sai an sake. A wurinmu ginin da aka bari ba yaɓe, ko dai mutanensa sun watse, ko ba su da zuciya. Da wannan na tashi, da shi kuma na hau jirgi.

Na zo garin Greensboro a Amurka furfura ta riga ta fara fito mini. Muka kama haya a gabashin gari, ni da matata. Na yi aiki a kamfanin kujeru, na yi a sito, daga baya na samu aiki a wata gonar dawaki a Summerfield. Yankan ciyawa, gyaran shinge, kwashe kashin doki a barga, duk abin da ya lalace ni ne. Mai gonar wata tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, ɗanta guda yana zaune a garin Charlotte. Mama nake ce mata, tana kuma son hakan.

Wata rana ta hango rosari, carbin addu'armu, rataye a madubin motata.

Ta ce, “Kai Katolika ne?”

Na ce, “Tun daga haihuwa, Mama.”

Ta ce, “Ajiye wannan shebur. Zo in nuna maka wani abu.”

Muka bi bayan barga, muka gangara cikin manyan itatuwa. A nan na fara ganinsa. Ɗan ƙaramin gini ne, bai fi zauren mai unguwa ba, amma duk na dutse. Ƙofar gajeriya, sai ka sunkuya. Tagogin sirara, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. Ko a tsakiyar zafi in ka shiga sai sanyi ya kama ka. A bayan bagadi, teburin ibada, cikin wani lungu a bango, akwai siffar Uwarmu Maryamu riƙe da Ɗanta, an sassaƙa ta da dutse, tsayinta kamar na ƙaramar yarinya. Ta yi baƙi ƙirin, sai ɗan shuɗi-shuɗi da ya maƙale a ninkin mayafinta. Gaban bagadin kuma akwai matakala ɗaya, a tsakiyarta gurbi biyu kamar an dasa ƙoƙo an cire.

Tarihin wurin ba a zama ɗaya ta ba ni shi ba. Kaɗan-kaɗan na ji shi cikin shekaru, in na raka ta kunna kyandir. Ta ce a wani ƙauye na ƙasar Faransa aka gina shi, tun kafin Turawa su san akwai Amurka a duniya. Annoba ce ta cinye ƙauyen, waɗanda suka rage suka gina shi don godiya. Matafiya kan tsaya su yi addu'a a ciki. Manoma kan kawo hatsin farko. An yi wani zamani da hukuma ta juya wa coci baya, aka mayar da shi rumbun ciyawa, matan ƙauyen suka ɓoye siffar a bayan dami har fitina ta wuce. Daga baya yaƙi ya rushe rufin. Sai kakan mijinta, mai masaƙa a nan jihar, ya je yawo can ya gan shi, ya saye. Aka kwance shi dutse bayan dutse, aka loda a jirgin ruwa, aka sake ɗora shi a bayan bargarsa.

Na ce, “Mama, ana sayen coci kamar akuya?”

Ta yi dariya har da tari. Ta ce mutumin ba wani mai ibada ba ne, so yake abokansa su zo su gani. “Shi ya sa ban taɓa jin nawa ne ba,” in ji ta. “Ajiya ce ta mutanen da ban sani ba.”

Ina jin duk wannan, amma idona yana kan datti. Gansakuka ta kama gindin bango. Rufin ciki ya yi baƙi. Kunya nake ji a madadin Allah. Mutane da dukiyarsu, doki ma ana yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi, amma ɗakin Ubangiji ko fenti babu. Ba sau ɗaya ba na ce ta bari in gyara shi, ko sisi ba zan karɓa ba.

Ta ce, “Wannan baƙin ba datti ba ne. Hayaƙin kyandir ne na mutanen da ba su da likita, sai nan. Gurbin nan kuma gwiwoyinsu ne suka ci dutsen. Mijina ma a nan yake durƙusawa.”

Na ce, “To, Mama.” Irin “to” ɗin da muke cewa babba da baki kawai.

A shekarun nan sababbin gidaje suka fara matso gonar ta kowane gefe. Ɗan yana so a sayar wa magina, ita kuma tana so ta mutu a gidanta, ta bar ɗakin sujadar a tsaye. Ta nemo wata ƙungiya mai kula da tsofaffin gine-gine. In suka karɓe shi, doka za ta hana kowa taɓa shi da filin da ke kewaye da shi. Da ɗan suka daidaita a kan haka: in ƙungiyar ta karɓa, za a cire wannan gefen daga ciniki har da gidan, in ba ta karɓa ba, komai zai tafi tare. Ƙungiyar ta ce za ta turo mai dubawa in ganye ya fara zuba.

Kafin lokacin ya zo, Mama ta faɗi. A kan matakalar nan ta faɗi, tana ƙoƙarin miƙewa daga addu'a, ƙafarta ta zame cikin gurbin. Ni na same ta kwance a kan dutse mai sanyi, ƙugu ya karye, tana ta ba ni haƙuri wai ta ɓata mini aiki. Tun daga ranar na ƙullaci wannan matakala.

Muka je gaishe ta a asibiti ni da matata. Ta kama hannuna ta ce baƙuwar ƙungiyar za ta zo ranar da za a sallame ta daga gidan jinya. “Ka yanke ciyawa, ka share ganye. Yanar gizo ka cire ta da tsintsiya mai laushi. Bango da siffar, kada ka taɓa. Ka ji ni?”

Na ce, “To, Mama.”

A mota matata ta ce, “Baban yara, ka dai ji abin da ta ce.”

Na ce, “Na ji. Nauyina take ji, ba ta son ta ɗora mini wahala.”

“Ba nauyi ba ne. Mutanen nan ba su san kawaici ba. In sun ce kada ka taɓa, kada ka taɓa suke nufi.”

“Baƙi za su zo duba wuri, a bar shi kamar kango? In suka ga dattin nan ai ko zama ba za su yi ba. Ni ne mai kula da wurin. Ni za a zaga.”

Ta ce, “Ai fa na san wurin da maganar take,” ta juya fuska waje.

Gaskiyarta. Ina son Mama, ina son ɗakin ya tsira, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ina kuma son a buɗe ƙofa a ce wa ya yi wannan aiki, a nuna ni.

Ranar Lahadi bayan Misa, a zauren da mu mutanen gida muke taruwa shan shayi, na miƙe na yi shela. Na ce akwai ɗakin Uwarmu da aka bari cikin ƙazanta, mai shi tsohuwa ce tana kwance, ina kiran gayya. Da ka ga fuskokinsu. Mutanen Jos, na Kafanchan, na Zuru, na Yola, wasu tun da suka bar gida ba su sake jin kalmar gayya ba, don a nan komai sai ka kira kamfani. Kafin in zauna mata sun raba girki a tsakaninsu.

Injin wanki mai fesa ruwa da ƙarfi kuwa wurin abokina na je aro, wani Alhaji mutumin Kano da yake da wurin wankin mota kusa da unguwarmu.

Yana hango ni ya ce, “Ɗan katikis, yau ma akwalar nan ka kawo? Wannan ko ɓarawo ka ba shi makulli sai ya ce ka bar abinka.”

Na ce, “Injinka nake so, Alhaji. Coci za mu wanke.”

“Da injina? In ya dawo yana waƙar coci kai za ka kai shi a yi masa addu'a.”

Muka yi dariya, ya sa aka ɗora mini shi a bayan mota. Sai ya dafa ƙofa ya ce, “Ka riƙa ja baya da bakinsa fa. In ka matsar da shi ko fentin mota ɗaye shi yake yi. Mai wurin ta sani?”

Na ce, “Ta sani.”

Wannan ce ƙaryata ta farko a cikin maganar, ta kuma fito ba tare da ko gargada ba.

Asabar ɗin rana ta yi kyau. Motoci suka jeru a bakin shinge, dawaki suka ɗago kai suna kallonmu. Mata suka sauke kulolin shinkafa da masa da miyar taushe a inuwa. Matata ta zo, amma ta ce ita a wurin abinci za ta tsaya, ba za ta shiga ba.

Wata daga zumuntar mata ta leƙa ciki ta fito tana tafa hannu. “Baba, ashe haka abin yake? Turawan nan da kuɗinsu suka bar Uwar Ubangiji cikin kunkunniya kamar madafin gwauro!”

Wani mutumin Jos, nas ne a asibiti, ya ɗauki burushi ya goga sau biyu ya tsaya yana duba tafinsa.

Aka ce masa, “Oga, ajiye kafin hannun allura ya fashe. Je ka tsare masa kada ƙuda ya ci.”

Ya ce, “Ku dai ku faɗo daga tsani, ni ne zan ɗinke ku.”

Haka muka yi ta yi, ana waƙa ana tsiya. Aka kankare gansakuka da shebur. Aka wanke bango, baƙin ruwa yana gangarowa ƙofa, kowa yana cewa dubi abin da ke fita. Ni na kwaɓa siminti da kaina na cike gurbin nan biyu, na bi da cokalin gini har matakalar ta yi sumul. Da na miƙe na dube ta, daɗi na ji, kamar na rama wa Mama.

Siffar kuwa na ce kowa ya bar mini ita. Da aka kira cin abinci, suka fita, na ja injin na tsaya gabanta ni kaɗai. Na fara daga nesa, baƙin ya ƙi fita. Na matsa. Ya fara fita daga mayafin, shuɗin nan ma ya bi shi. Na ɗaga bakin injin zuwa fuskar, na ƙara matsawa. Sai na ga ruwan da ke sauka ya daina zama baƙi, ya koma fari kamar kunu, da tsakuwa-tsakuwa a ciki yana bi ta tsakanin ƙafafuna. Na saki hannu.

Kumatu ɗaya ya tafi. Hanci ya tafi. Bakin da nake gani kullum kamar za ta yi magana ya zama rami. Na sa yatsa, dutsen ya marmashe kamar busasshen tuwo. Ashe baƙin nan shi ne fatar da ke riƙe da shi.

A waje ana ta dariya, wani yana kira, “Baba, masa za ta ƙare!” Da a lokacin na fita na ce jama'a ku tsaya, na yi ɓarna, da wani abu ya rage. Sai na waiga wurin bokitin siminti, da sauransa a ciki. Na ɗiba da yatsu na cike ramin, na murza hanci, na gyara kumatu yadda na iya. Kwana biyu bayan haka na dawo na shafa mata fenti, mayafi shuɗi, riga fari, leɓe ja. Bangon ciki kuma wasu daga cikinmu suka dawo muka bi shi da farin fenti. Aka ɗauki hotuna aka zuba a guruf ɗinmu na waya. Wata ta rubuta cewa yanzu Uwarmu ta fito kamar amarya. Aka yi ta sa mini albarka. Har na fara yarda da su.

Ranar da aka sallami Mama, ɗan ne ya kawo ta da kansa, baƙuwar ƙungiyar kuma ta iso kusan tare da su. Matashiya ce mai fara'a, da jaka a kafaɗa. Ta ce ta daɗe tana jin labarin siffar, jiya da ƙyar ta iya cin abinci don ɗoki. Ɗan yana tura Mama a keken marasa lafiya, ni ina gaba da rigata mai kyau. Na buɗe ƙofar, ƙamshin fenti ya fito ya tare mu.

Baƙuwar ta sunkuya ta shiga, ta tsaya cak. Ta kai hannu ta rufe bakinta. Ɗan ya turo keken har ciki. Wani doki yana haniniya can a barga.

Sai ɗan ya ce, “Wa ya yi wannan?” Ya juyo kaina, fuskarsa ta yi ja. “Kai ne? Wa ya ba ka izini? Ka san abin da ka lalata? Yanzu zan kira 'yan sanda, lauyana kuma zai ji wannan yau.”

Na tuna na tara mutane a gonar wani ba da izini ba, a cikinsu akwai waɗanda takardunsu ba su gama daidaita ba. Wannan gaskiya ne, na kuma daɗe ina fakewa da shi. Amma abin da ya fi riƙe mini harshe kaina ne: aikina, kotu, da yadda zan shiga coci Lahadi bayan duk albarkar da aka sa mini.

Mama ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, “Ni na sa shi.”

Ɗan ya ce, “Ke?”

“Ni. A asibiti na ce ya wanke ya yi fenti. Ƙyale shi.”

Ya saki wayar cikin aljihu. Ya durƙusa a gefen keken, muryarsa ta yi laushi ƙwarai. “Mama, kin tuna kin faɗi haka? Ke da kike hana ni taɓa bangon nan tun ina yaro?”

Ta ce, “Na tuna.”

Ya ɗago ya dubi baƙuwar, ita ma ta dube shi. Na ga wannan kallo, na kuma gane shi, don mu ma haka muke kallon juna in tsoho ya fara rikicewa. Ban ce komai ba.

Baƙuwar ta zaga ta dudduba, ta ƙwanƙwasa nan da can da yatsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce siminti ya fi wannan dutsen ƙarfi, in aka ce za a cire shi sai ya tafi da abin da ya rage. Ta ce abin da ƙungiyarsu take karewa shi ne aikin hannun mutanen da, shi kuma yawancinsa ya bi ruwa. Za ta kai rahoto, amma kada mu sa rai.

Da za a fita Mama ta ce in matsar da ita gaban bagadi. Na tura ta. Ta sauke ƙafa ɗaya daga keken, ta shafa simintin da tafin takalminta. A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, “Ka iya aiki. Ya yi sumul.”

Ƙungiyar ba ta karɓa ba. Bayan haka ɗan ya fara kai Mama wurin likitoci. Tana da 'yar mantuwa irin ta tsufa, ta taɓa barin tukunya a wuta, ba abin da ya wuce haka. Amma kafin sanyi ya fita kotu ta ba shi ikon yanke mata hukunci a kan komai, ya ɗauke ta zuwa gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Ranar da ya zo sallamata daga aiki, ya biya ni hakkina har da ƙari, ya ce in yafe masa ihun da ya yi mini.

Ya ce, “Ba laifinka ba ne, umarni ka bi. Ka san a ranar ce na gane ta tafi? Matar da ta tsare wurin nan duk rayuwarta, ta ce a yi masa shuɗin fenti.”

Muna tsaye mu biyu a bakin barga, ba ɗan sanda, ba lauya, ba kowa. Na karɓi abin da ya ba ni, na ce na gode.

Matata ba ta yi mini gori ba. Abinci take ajiye mini ta tashi ta koma ɗaki. Sau ɗaya kawai ta ce, “Matar nan tana can an kulle ta da sunan hauka, kai kana nan kana karanta wa mutane Littafi Mai Tsarki a coci.” Na daina karatun, amma ban je ba.

Sai lokacin azumin Ista na shiga wurin Fada, limamin cocinmu, na furta zunubina. Na zaci zai ba ni addu'o'i in yi in huta. Ya ce, “Baba, dutse ya riga ya tafi, ba abin da za ka yi masa. Amma matar tana da rai. Ɗanta yana da kunne. Me kake yi a nan?”

Na tuƙa zuwa Charlotte. Na sami ɗan a farfajiyar gidan tsofaffin, ya fito daga wurinta ke nan. Na tsayar da shi na faɗa masa komai, daga asibiti har bokitin siminti. Na ce ta hana ni da bakinta, matata shaida ce.

Ya jingina da mota. Sannan ya ce, “Ta gaya mini.”

Ban gane ba.

“Bayan mako kaɗan ta ce ba ita ta sa ka ba, ta faɗa ne kawai don kada in kira 'yan sanda. Ta faɗa mini, ta faɗa wa likita. Yau ta ce ita ce, gobe ta ce ba ita ba. Muka ce ga shi nan, rikicewa ce. Ta ce in tambaye ka. Na ce ai na yi magana da kai a barga, ba ka musa ba.” Ya share fuska da hannu. “Na tsaya gaban alƙali na ce uwata ba ta san abin da take faɗa ba.”

Na ce a mayar da ita gida, zan je ko'ina in faɗi gaskiya.

Ya ce, “Wane gida? An sa hannu. Magina sun riga sun kafa tutocinsu.” Ya buɗe mota. “Ba zan kai ka kotu ba, ba abin da zai dawo. Shiga ka gaya mata. Ni ban san ta inda zan fara ba.”

Na same ta zaune gaban taga, ta rame, an yanke mata gashi. Tana ganina ta gane ni, har ta tambayi matata da wani farin dokinta mai cizo. Hankalinta garau. Na zube a ƙasa gabanta, maganar ta ƙi fita daidai.

Ta ce, “Tashi, tsoho da kai. Ba sai ka gaya mini wanda ya yi ba, ai ina wurin.”

Na ce, “Mama, me ya sa kika rufa mini asiri?”

“Ƙafafunka rawa suke yi. Na ce bari in tare maka na yau, in ya huce kai da kanka za ka gaya masa.” Ta dubi taga. “Na jira ka.”

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in miƙo mata ruwa, na miƙa. Ta ce in yi mata addu'ar Maryamu da harshenmu, tana son jin sautinsa, na yi.

Daga baya ɗan ya koma kotu aka gyara abin da za a iya gyarawa a takarda, amma a wannan ɗakin ta ƙarasa kwanakinta. Na riƙa zuwa, wani lokaci ta yi hira, wani lokaci ta ce ta gaji. Ɗakin sujadar kuwa na ji wani dillalin tsofaffin kaya ya kwashe duwatsun ƙofar. Sauran ban san inda aka kai su ba, ban kuma je kallo ba.

Da yawa daga cikinmu a ƙasar nan aikin da muke yi ke nan, kula da gidajen mutane da tsofaffinsu. Ana ba mu makulli, ana tafiya a bar mu. Ina roƙonku, 'yan'uwana, kada ku yi abin da na yi. In mai abu ya ce kada ku taɓa, ku bar shi, ko da kun tabbata kun fi shi sanin kyau. In kuwa hannunku ya riga ya yi ɓarna, ku faɗa nan take a wurin, da bakinku, kafin wani mai tausayi ya riga ku magana.